Robar da Muka Tono a Gonar Doya

Shekarun baya, zamanin da nake iya hango yatsun ƙafata ba sai na ture tumbi gefe ba, wani abu ya faru a gidana wanda har yau in na tuna sai in ji gajiya ta sauko mini tun daga wuya. Kafin in rubuta sai da na nemi izinin matata. Ta ce in rubuta, amma da sharaɗin kada in mai da kaina jarumin labarin. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ko na so babu ƙofar da zan bi.

Waɗanda suka san ni a Kasuwar Kure da ke Minna sun san robobi nake sayarwa: bokiti, baho, jarka, har ƴan mitsi-mitsin da mata ke zuba yaji. Sun kuma san bakina ba ya zuwa hutu. Ni ne wanda in na shiga zaman makoki ake roƙona in zauna nesa da masu kuka, don kada in sa su dariya su yi abin kunya. To roba guda ɗaya, wadda ba ta kai kofin shayi ba, ita ta rufe mini baki kusan wata biyu.

Matata ce ta ji ƙullutu a nononta na hagu. Da farko kamar ƙwayar gurjiya, ta yi shiru da abinta. Cikin ƴan watanni ya kai ƙwan kaza. Da ni kaɗai nake ba da labarin da na ce kankana, amma tana karantawa. Maƙwabciyarmu a unguwar Limawa, wata ma'aikaciyar jinya ƴar kudancin Kaduna da muke kira Sista, ita ta duba ta, ta kuma tasa mu a gaba har wani ƙaramin asibiti. Likita ya ce a cire. Aka cire lafiya.

Tana kwance ba ta gama farfaɗowa ba likitan ya kira ni gefe. Ya miƙo mini wata ƴar roba mai murfi, an liƙa mata filasta da rubutu, ga wani abu fari-fari yana iyo cikin ruwa. Ya haɗa mini da takarda.

Na ce, "Likita, tsaraba ce?"

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Malam, abin da muka cire ke nan. Ƙullutun nono iri-iri ne. Wani tsoka ce kawai ta dunƙule, ba ta da illa. Wani ruwa ne ya taru. Wani ƙurji ne. Wani kuma daji ne, shi ma dajin kala-kala. Ido da hannu ba sa rabe su. Sai an yanka shi siriri an duba a madubin gwaji, mu kuma ba mu da masu wannan aikin a nan. Gobe ka kai shi babban asibiti a Abuja. Ruwan da ke ciki magani ne, kada a zubar. Bayan mako uku za mu san inda muka dosa."

Na ce an gama. Har da buga ƙirji.

Abin da likitan bai sani ba shi ne yayar matata ciwon dajin nono ne ya tafi da ita, kuma ni ne na yi ta jigilarta a mota har ƙarshe. Na ga abin da idona bai so gani ba. Tun da aka ambaci kalmar nan, sai robar ta yi mini nauyin buhun siminti.

Washegari na yi wanka, na sa babbar riga, na tafi tasha. Na shiga mota, na zauna, har an kusa cika. Sai wani tunani na marasa hankali ya zo mini: muddin ba a buɗe robar nan ba, matata lafiyarta ƙalau. Ranar da aka buɗe ne ciwo zai samu suna. Na ce wa direba na manta wayata. Na sauka, wayar tana aljihuna tana ƙara. Na wuni a shagon wani abokina ina shan ruwan sanyi, da yamma na koma tasha na sayi burodi da ayaba, na shiga gida ina ɗingishi ina cewa, "Wash! Hanyar nan ta Suleja sai ta kashe mutum." Robar kuwa na ƙulle ta a baƙar leda, na tura ta can saman sif, bayan tsohuwar akwati. Na ce wa kaina jibi zan kai. Jibi ta zo na ce Litinin.

Matata ta karɓi burodin Minna a matsayin tsarabar Abuja, ta yi mini sannu da hanya. Ta sa aka rataya mata kalanda kusa da gado. Kullum da safe sai ta ja layi a kan rana ɗaya ta ce, "Baban yara, saura kwana ashirin." "Saura goma sha bakwai." Ni kuwa sai in ce, "Kamar yau ne," ina kallon ko'ina ban da saman sif. Abin yana bisa kanmu, taku uku daga inda take ƙirga masa kwanaki.

Sista ce ta fara shinshino ni. Ta tambaye ni takardar shaidar da aka ba ni a can, na ce tana aljihun wata riga. Ta sake tambaya, na ce rigar tana wurin wanki. Rana ta tara ta tare ni a bakin ƙofa da kayan aikinta a jiki, ta riƙe ƙugu.

"Oga, ka kai wannan abu ko ba ka kai ba?"

"Haba Sista, wace irin tambaya..."

"Bar wannan dariya naka. Na daɗe a asibiti, na san fuskan mutum da bai kai ba. Madam yana ƙirga kwana, kai kana nan kana sayar da bokiti. Gobe da safe ka tafi. In ba ka tafi ba, ni da bakina zan gaya masa."

Na rantse mata zan tafi, kuma wannan karon da gaske nake.

Da safe na jawo kujera na hau, ina cewa wata tsohuwar hula nake nema. Na laluba bayan akwati. Wayam. Na sauke akwatin, na sauke tabarmi, na sauke fankar da ta mutu tun kafin a haifi autarmu. Babu leda, babu dalilinta. Matata tana zaune a bakin gado da kofin kunu tana kallona. Ana haka mahaifiyata ta yi sallama. Gida ɗaya muke, kuma tun da aka yi aikin ita ke share ɗakin, saboda matata ba ta iya ɗaga hannu. Ni ne ɗan farinta, ba ta kiran sunana.

"Kai wannan, me kake nema a sama kamar mage?"

"Wata ƴar leda ce, Inna. Ba komai."

"Au, naman yarinyar nan? Ai na suturta shi."

Kujerar ta yi rawa a ƙarƙashina. Na ce, "Kin yi me?"

"Na suturta shi mana. Kai ko kunya ba ka ji ba? Tun da nake, ko cibiyar jariri ba a bari a sarari, ballantana naman babban mutum. Ka ɗora shi a kan sif kamar ragowar kilishi! Na buɗe in gani, wani yaji ya bugi idona, na mayar na rufe. Na naɗe shi a farin ƙyalle. Gidan nan ko'ina siminti, babu inda za a tona, shi ne da kawunka ya kawo doya ranar Juma'a na ba shi ya tafi da shi ƙauyen Beji ya binne a gona. Ban faɗa maka ba don kada in kunyata ka gaban iyalinka."

Ba laifinta ba ne. Mun ce mata an cire ƙullutu, ba wanda ya zaunar da ita ya yi mata bayanin gwaji. Ita a ganinta ɗanta ne ya yi sakaci da haƙƙin jikin matarsa, ta rufa masa asiri.

Na juya wajen matata. Na so ta yi ihu. Na so ta jefe ni da kofin kunun, da zafinsa. Ba ta yi ba. Ta ajiye kofin a hankali, ta miƙa hannunta mai lafiya ta zare kalandar daga ƙusa, ta kalli layukan da ta ja, ta ninke ta gida huɗu. Ta ce, "Ashe ba a ma fara ƙirgawa ba." Sannan ta jawo mayafi. "Mu je Beji."

A hanya ne na yi wa Inna bayanin komai, da na likita da nawa. Ta saurara tana jan carbi.

Kawuna, ƙanin Inna, manomin doya ne, mutumin kirki, amma abin da ya ci da safe ba ya tunawa da rana. Muka same shi a gona. Da ya ji abin da ya kawo mu ya cire hula ya sosa kai.

"Ai a gindin kaɗanya na sa shi."

Na ɗaga ido. Gonar nan kaɗanya bakwai ce a cikinta, amma a ranar na rantse na ƙirga ɗari bakwai. Ƙari a kan haka, bayan ya binne, ƴan ƙwadago sun zo sun tayar da tulin ƙasa na shukar doya ko'ina, har gindin itatuwan. Gona ta zama kamar an jera ƙananan kaburbura dubu, kowanne yana cewa ni ne.

"Kawu, wace kaɗanyar?"

"Wadda ke da reshe haka." Ya karkata hannu. Duk bakwai ɗin suna da reshe haka.

Na tuɓe babbar riga na karɓi fartanya. Ni da rabona da noma tun ina makarantar firamare. Na rushe tuli na farko, na biyu, na goma. Kowanne na sara sai kawu ya dafe ƙirji ya ce, "Wayyo irina! Ɗan nan, a hankali, doya ce a ciki ba maƙiyinka ba." Rana ta take, gumi ya shiga idona, tafin hannuna ya yi bororo ya fashe. Gumin da na zubar ranar da an tara shi da an yi noman rani. Muka gama da kaɗanya biyu, babu komai sai tsutsa da tsohon takalmi.

Inna da matata suna zaune a inuwa. Can na ji Inna tana cewa, a hankali, ita fa zuciyarta ba ta kwanta da wannan tone-tonen ba. Abin da aka riga aka ba ƙasa, a bar mata. Allah ne mai warkarwa, ba madubi ba.

Matata ta ce, "Inna, haka ne. Amma yayata ma sai da aka makara aka san abin da ke jikinta. Ni so nake in sani da wuri. In babu komai, in yi barci. In akwai, in nemi magani tun ina da ƙarfi. Ina so in ga auren jikokinki."

Inna ta ajiye carbinta. Sai ta miƙe, ta ɗaure zaninta tamau, ta nufi ƙaninta.

"Kai, zo nan. Da wane lokaci ka iso gonar ranar Juma'a?"

"Bayan la'asar, Yaya."

"Da kaya a kanka?"

"Da buhun taki."

"To kai da na sani tun kana tsirara, ba ka wuce itacen farko da kaya a ka, kuma ba ka tsayawa a rana ko za a ba ka sarauta." Ta nuna kaɗanyar da ke bakin hanya, wadda muka wuce tun da farko. "Waccan ce. Ku tona ta gabas, inda inuwa ke faɗawa da yamma."

Tuli na uku, fartanya ta taɓo farin ƙyalle. Na durƙusa na ƙarasa da yatsu. Robar tana nan a rufe, ruwan bai zube ba, ƙyallen Inna ya kare rubutun filastar daga laima. Na zauna daɓas a ƙasa na rungume ta, ƙato da ni, ina haki. Kawu ya ce, "Ka ga, ai na ce muku kaɗanya ce."

Na kira Sista a waya. Ta ce in dai ruwan ya rufe naman kuma ba a zubar ba, a kai haka nan, su can za su faɗa in ya lalace. Sannan ta ƙara da wasu kalmomi game da ni waɗanda ba zan rubuta ba.

Washegari na tafi Abuja da gaske, amma ba ni kaɗai ba. Matata ta ce Inna ta raka ni. Tsohuwar nan ta zauna a mota da robar a cinyarta, ta riƙe da hannu biyu, duk ramin da muka faɗa sai ta ɗaga ta sama kamar jariri. Ko da na ce ta kawo in taya ta, sai ta ce, "Ka taya sau ɗaya, mun gani." A tagar ɗakin gwaji ma'aikacin ya duba ranar da aka yi aikin, ya dube mu.

"Kusan mako biyu. Ina aka ajiye shi duk tsawon nan?"

Ina shirin haɗo wata ƙarya mai kyau Inna ta ce, "A gona, ɗana."

Ya miƙo hannu ya karɓa. Ya ɗaga robar ya duba ta a haske, ya ce maganin ya riƙe shi, za a iya aiki.

Daga nan aka fara mako ukun gaskiya, kuma su ne mafi tsawo a rayuwata. Matata ba ta sake rataya kalanda ba. Ba ta yi mini rashin kunya ba, ba ta kai ƙarata wurin kowa ba. Za ta gaishe ni, ta sa a kawo mini abinci, ta ce a dawo lafiya. Shi ke nan. In na jefa wasa sai ya faɗi tsakiyar ɗaki kamar cokali, ba mai ɗauka. A kasuwa maƙwabtan shagona suka fara tambaya ko ni ne marar lafiyar. Wata mai sayen baho ta ce, "Alhaji, yau ba za ka ce bahon nan zai ɗauke ni da mijina da surukata ba?" Na ce mata baho ne kawai, Hajiya. Na gaji da jira, na gaji da tsoro, na gaji da ganin fuskata a madubi.

Ranar da sakamako ya fito mu uku muka shiga wurin likita. Ya karanta takardar sau biyu, ya faɗi wani suna da ya fi layin dogon Minna tsawo. Sannan ya sauko da shi daidai kanmu.

"Ba irin na yayarki ba ne, Hajiya. Ba dajin da kuke tsoro ba ne."

Inna ta fara hamdala, ya ɗaga hannu.

"Amma kuma ba irin wanda ake cewa a je gida a manta ba ne. Akwai wani iri da ke tsakani. A hannu kamarsa ɗaya da marar illa, ni kaina haka na zata. Halinsa shi ne in an bar ko ɗan gefensa, yana dawowa, wani lokaci ya dawo da mugun hali. Takardar ta nuna mun yanka daf da bakinsa. Sai mun koma mun ƙara cire kewayen wurin, sannan mu riƙa dubawa lokaci-lokaci."

Na ji bakina yana tambaya, "Likita, da a ce ba a kai robar ba fa?"

Ya ce, "Da kun ga ciwo ya warke kun yi murna. Sai ranar da ya dawo, ya fi na da."

Ban kalli kowa ba. Na kalli takalmina, wanda har lokacin akwai jar ƙasar Beji a ɗinkinsa.

Aka sake aiki. Aka sake fito da roba. Likita ya miƙo mini bisa sabo, sai ma'aikaciyar da ke bayansa ta ce, "Yallaɓai, marar lafiyar ta bar saƙo kafin a sa mata allura. Ta ce a ba tsohuwa." Haka Inna ta sake zuwa Abuja, ni ina biye a matsayin ɗan rakiya. A can ta tambayi ma'aikacin nan ko in sun gama za su ba ta ragowar ta binne. Ya yi mata bayani cewa suna rufe shi a cikin kakin da ya yi kama da na kyandir, su adana, ko za a buƙaci sake dubawa wata rana. Ta yi nazari ta ce, "To, in dai a rufe yake, ai sutura ce." Sakamako na biyu ya fito, gefen ya fita tas.

Yau shekaru sun shuɗe. Matata tana nan lafiya, ta aurar da babbar ƴarmu, Inna ta ga bikin kafin Allah Ya karɓi abarSa. Kawu har ya rasu yana ba da labarin shekarar da doyarsa ta ƙi yin kyau saboda wani ɗan birni.

Na ba da labarin nan a majalisa ya fi sau ɗari. Mutane suna dariyar burodin, suna dariyar kaɗanya ɗari bakwai, suna dariyar "a gona, ɗana." Ni ma ina taya su. Wurin da ba na iya mayarwa wasa shi ne kwana taran nan. Na ɗauka ina kare ta daga mummunan labari ne, alhali kaina nake karewa, da jikinta. Ƙullutu bai san maigida yana jin tsoro ba, ba ya tsayawa ya jira shi. Kuma ba abu biyu ba ne kawai, ko mutuwa ko ba komai, kamar yadda na ɗauka a tashar mota. Akwai abubuwa da yawa a tsakani, kuma yawancinsu suna da mafita in an san su da wuri. In an ba ku roba a asibiti, ku kai ta ranar. In akwai tsohuwa a gida, ku yi mata bayani kafin ta yi muku alheri.

Ta yafe mini, ta faɗa da bakinta tuntuni, dariya ma ta dawo gidan. Amma tun daga lokacin duk wata takardar asibitinta a jakarta take, ko katin ganin likita ba ta ba ni riƙo. Ban taɓa yin ƙorafi ba. Sai bara, mun je dubawar shekara, muna bakin ƙofar asibiti iska ta ja mata mayafi. Ta miƙo mini fayil ɗin takardunta ba tare da ta kalle ni ba, ta ce, "Riƙe mini."

Na riƙe da hannu biyu, kamar yadda Inna ta riƙe robar nan a mota. Ta gyara mayafinta, ta yi gaba. Na bi ta ina jira ta juyo ta karɓa.

Har muka shiga wurin likita yana hannuna.